Baƙar alkyabba da kwarjinin mugun fim, yau muna Whitby

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. In kun ji muryata tana yankewa ku yi haƙuri iska ce, ina saman tudu ne a Whitby, wani ɗan garin masunta a bakin teku a yankin Yorkshire na Ingila, wancan kangon da ke bayana tsohon wurin ibadar Kirista ne kuma kafin ka iso nan sai ka taka matakala 199.

To ku duba mutanen nan da ke wucewa, kusan kowa da baƙar alkyabba. Dalili kuwa marubucin nan Bram Stoker ya zo hutu garin nan a 1890, da ya fitar da littafinsa na Dirakula a 1897 sai ya sa jirgin ruwan da ya kawo wannan mai shan jinin Ingila a nan bakin tekun ya kafe. A 2022 mutum 1,369 ne suka taru a filin nan da shigar masu shan jini har suka shiga kundin Guinness.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne me ya sa ƙyalle, ƙyalle fa kawai, yake sa gaban mutum ya faɗi? Ku tsaya ku ga wancan dogon da ya juya mana baya. Kun ga hannunsa? Ba ku gani ba. Ƙafarsa fa? Ita ma babu. To ai mu 'yan Adam da hannu muke karantar mutum, in wani ya tunkaro ka idonka hannunsa yake fara zuwa ka ga me ya riƙe, sannan ƙafa ka ga ina ya dosa, gudu zai yi ko tsalle, ita kuma alkyabba sai ta kwashe wannan duka ta ɓoye, ta bar ka da wani baƙin abu mai faɗi daga kafaɗa har ƙasa da fuska a sama, ba ka san ta ina sharrin zai ɓullo ba. A littafin ma akwai wurin da aka hango shi yana rarrafowa daga bangon gidansa kansa a ƙasa, alkyabbar ta baje kamar fukafukai, wato ta cire shi daga siffar mutum gaba ɗaya.

Wannan doguwar kwalar kuma da take tsayawa a bayan ƙeya, daga dandalin wasan kwaikwayo ta fito. A 1924 wani ɗan wasa Hamilton Deane ya mai da labarin wasan daɓe, ana so Dirakula ya ɓace a gaban 'yan kallo, sai aka yi kwalar da tsayi yadda in ya juya baya ba a ganin kansa, wasu su riƙe alkyabbar shi kuma ya zame ta wata ƙofa da ke ƙasan dandalin, da an saki sai ƙyalle ya zube ba kowa ciki. Wallahi wannan dabarar tana burge ni sosai, don ta nuna 'yan kallo ƙyallen suke ɗauka a matsayin mutumin. Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dirakula, ya sa ta a dandalin Broadway na New York a 1927, ya sa a fim a 1931, da ya rasu a 1956 ma da alkyabbar aka binne shi.

Amma ni a wurina wanda ya fi kowa cin moriyarta Darth Vader ne, mugun fim ɗin Star Wars. Ku tuna shigowarsa ta farko a 1977, lungun jirgi fari fat, sojojinsa farare fat, hayaƙi, sai ga shi baƙi ƙirin ya cike ƙofa. David Prowse da ke cikin kayan kusan mita biyu ne tsayinsa, amma alkyabbar ce ta ba shi faɗin, kuma ku lura ba ya sauri, bayan an gama guje-guje da harbe-harbe shi takawa yake, ƙyallen yana biyo shi a baya a hankali. Nan ne fa maganar take. Alkyabba ba kayan aiki ba ce, ba ka noma da ita ba ka dambe da ita, duk wanda ya yafa ta yana gaya maka akwai masu yi masa wahala. Mu da muka taso muna ganin sarki ya fito ranar hawa da alkyabba yana tafiyar ƙasaita dogarai suna kare shi da rigunansu mun san wannan kwarjinin, sai dai na sarki girma yake sa maka a rai, su kuwa masu fim sun ɗauki kwarjinin sun rina shi baƙi sun damƙa wa azzalumi.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga fim an ba mugu alkyabba sannan a sa shi yana ta tsalle-tsalle da surutu, an ɓata kayan kawai. Ko a nan kuna iya ganin bambancin, wasu ta leda mai sheƙi suka saya a shago, iska na hurawa sai ta nannaɗe musu wuya suna ta fama da ita, shi kuwa dogon nan tasa ulu ce mai nauyi da jan shafi a ciki irin ta ɗan wasa Christopher Lee a finafinan Dirakula, iska ba ta iya ɗaga ta sai dai gefen ya ɗan buɗe ka hango ja ya rufe. Bari in matsa in roƙe shi ko zai yarda ya taka mana a gaban kyamara ku gani da idonku, ku biyo ni.