Daga 95 zuwa 81 a rana ɗaya: ina bugu 14 suka shiga?

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa.

A ce ga wani mutum, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, golf ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Ranar Asabar yake samun sukuni ya ɗauki jakar sandunansa ya nufi fili, ko a Kano, ko a Kaduna, ko Rayfield da ke Jos. Shekara biyar yana bugawa, kuma kusan kullum lissafinsa a wajen 95 yake tsayawa. Sai wata Asabar ya gama rami na ƙarshe, a tara katinsa, a ga 81. Shi da kansa sai ya karɓi katin ya sake tarawa. Abokan wasansa kuwa, wani ya rungume shi, wani ya yi shiru yana kallonsa ta gefen ido. Yau a kan wannan ranar za mu yi magana: me ya faru a filin nan, kuma me hukumomin wasan suka tanada dominta.

Ga wanda bai saba da ƙwallon lambu ba, wato golf, wasa ne da mai ƙaramin lissafi ke yin nasara. Ramuka 18 ne, kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallonsa ta shiga, uku ko huɗu ko biyar. Wannan adadin shi ake kira par. Idan aka haɗa na ramukan duka, yawancin filaye sukan tashi 70 zuwa 72. To a filin da yake 72, mutumin namu yakan zarce ƙa'ida da bugu 23. A ranar da muke magana, da 9 kacal ya zarce.

Idan ka tambaye shi, zai ce maka hannunsa ne ya zauna, ko kuma sabuwar sandar da ya saya ce. Amma mu ajiye bakinsa mu duba katinsa, domin kati ba ya ƙarya. Abin da za ka fara lura da shi shi ne, mai yiwuwa babu ko rami ɗaya da ya gama ƙasa da par. Don a tashi da 81 ba sai an yi abin al'ajabi ba. Ya isa a ce rabin ramukan ya yi daidai da ƙa'ida, ɗaya rabin ya ƙara bugu ɗaya-ɗaya. Abin da ya ɓace daga katin shi ne manyan lambobin nan, 8 da 9, waɗanda a sauran ranaku sukan fito sau biyu ko uku.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A ranar da ya saba, yakan buga ƙwallo biyu su fita daga iyakar fili ko su ɓace cikin ciyawa. Doka ta ba shi minti 3 ya nema, tun gyaran da aka yi a 2019, kafin nan minti 5 ne. In bai gani ba, tarar bugu ɗaya ce, kuma ya koma inda ya buga ya sake. Ka ga kowace ƙwallo ta ci masa bugu biyu ke nan, biyun sun ci huɗu. Ɗaya ta faɗa ruwa, tarar bugu ɗaya. Sau biyu ya shiga ramin yashi bai fito a bugun farko ba, biyu ke nan. Sau ɗaya ya daki kan ƙwallo ta gangara taku goma ta tsaya. A kan shimfiɗar da ke bakin rami kuma, inda ake so a tura sau biyu a gama, yakan yi turi uku a ramuka biyar. Ranar nan sau ɗaya ya yi, ya tsira da huɗu. Sannan ƙwallo biyu da ya tura daga nesa, waɗanda kullum sukan leƙa ramin su wuce, suka faɗa ciki. Ku tara: 14 cif. Babu inda ya buga abin da bai taɓa bugawa ba. Ɓarnar da ya saba yi ce ba ta zo ba.

Me ya hana ta zuwa? A nan ne nake ganin mutane ba sa son jin gaskiya. Sanda da ƙwallo ba sa haɗuwa ko na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ƙiftawar, idan fuskar sandar ta karkata da digiri biyu ko uku, ƙwallon da za ta yi tafiyar mita 200 sai ta sauka can gefe. Ɗan sha'awa ba ya iya riƙe wannan kusurwar daidai kullum, don haka ƙwallayensa warwatse suke sauka, kamar an watsa wa kaji tsaba. Wata rana wadda ta karkace sai ta sami fili a buɗe, wata rana ta sami bishiya. Wata ma ta daki bishiyar ta dawo tsakiyar fili kamar an aiko ta. Jifa iri ɗaya, sakamako daban. Hausawa suka ce sa'a ta fi sammako, kuma a rana irin wannan sa'a tana da kaso babba. Sai dai ba ta zuwa wa wanda bai taɓa iya bugun ba. Kowane bugu mai kyau da ya yi ranar, ya taɓa yin irinsa a baya. Haɗuwarsu wuri ɗaya, cikin awa huɗu, shi ne baƙon abu.

Akwai wani malamin Jami'ar Columbia da ke Amurka, Mark Broadie, wanda ya bi diddigin bugun ƙwararru da na 'yan sha'awa ya ƙirƙiro hanyar auna darajar kowane bugu. Ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba daga dogayen bugu take fitowa, waɗanda suka wuce yadi 100. Tura ƙwallo a bakin rami, da mutane ke ɗauka shi ne komai, kasonsa ƙarami ne. Amma shi ne ya fi hawa da sauka daga yau zuwa gobe. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne, wato milimita 108. Manyan ƙwararrun duniya, idan ƙwallonsu na nesa da rami da ƙafa 8, kusan rabi suke jefawa, rabi su kuskure. To idan haka gwanaye suke, ɗan sha'awar da ya jefa shida cikin bakwai daga wannan nisan, ranarsa ce ta zo, kuma kada ya yi mamaki in mako mai zuwa ya jefa biyu.

Yanzu mu koma kan wancan abokin da ya yi shiru yana kallo. Dalilin shirunsa shi ne handikaf. Golf na da tsarin da ke ba mai rauni damar karawa da gwani: ana ba kowa lamba gwargwadon ƙarfinsa, a cire masa ita daga lissafinsa. Mai lamba 20 da mai lamba 5 za su iya neman kofi ɗaya. Tun 2020 duniya ta koma kan tsari guda, wanda hukumar R&A da ke St Andrews a Scotland da hukumar golf ta Amurka, USGA, suka fitar tare. Yadda ake yi shi ne a ɗauki wasanninka 20 na baya-bayan nan, a zaɓi 8 mafi kyau, a daidaita su da wahalar filin, a fitar da matsakaicinsu. Ku lura da kyau: 8 mafi kyau, ba duka 20 ba. Lambar tana nuna abin da kake iya yi ne in rana ta yi kyau. Shi ya sa mutum ba ya kai wa lambarsa sai kamar sau ɗaya cikin wasa huɗu ko biyar. Mutumin namu mai 95, lambarsa za ta kasance wajen 20.

Matsalar ita ce akwai masu ɓoye ƙarfinsu. Su riƙa miƙa katunan ranakun da suka lalace, su ɓoye masu kyau, lambarsu ta kumbura, ranar gasa su zo su kwashe kyauta. Saboda irinsu ne duk wanda ya yi wasa mai kyau fiye da kima ake masa kallon zargi, kuma wannan yana ɓata mini rai, domin mafi yawan masu irin wannan ranar ba su cuci kowa ba. Shekara biyar mutum yana neman ƙwallo a cikin ƙaya, rana ɗaya Allah ya ba shi, bai kamata a karɓe shi da gunaguni ba. Dokar ma ta riga ta yi maganin abin. Idan wasanka ya fi lambarka kyau da bugu 7 zuwa 9.9, za a rage maka ɗaya. In ya kai 10 ko fiye, a rage biyu. Mutumin namu, a fili mai matsakaiciyar wahala, ya fi lambarsa da 11. Biyu sun tafi ke nan nan take, sannan 81 ɗin ta shiga cikin takwas mafi kyau ta ƙara jan lambar ƙasa. Zai kwana yana mai 20, ya tashi yana wajen 16 ko 17. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: wasannin da ke gabansa za su yi masa tsauri, har sai wannan katin ya fita daga cikin 20 ɗin.

Wannan hawa da saukar ba ta bar manyan 'yan sha'awa ba, waɗanda ke shiga gasar ƙwararru. A 2015, a gasar Open da aka yi a St Andrews, wani ɗan Ireland mai shekara 22, Paul Dunne, ya buga 69, ya sake 69, sannan ya buga 66. Ya shiga zagayen ƙarshe yana kan gaba tare da Louis Oosthuizen da Jason Day. Rabon da a ga ɗan sha'awa a wannan matsayi a gasar tun Bobby Jones a 1927. A zagayen ƙarshe, duniya na kallonsa, ya buga 78, ya ƙare can wajen na 30. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rami na 14 ya fara lissafin abin da zai tashi da shi in ya ci gaba a haka, ya san abin da ke faruwa da hannu daga nan. Riƙon sanda ya ƙara ƙarfi, mutum ya daina bugawa don ya kai, ya koma bugawa don kada ya ɓata.

Amma kada a ɗauka kullum sa'a ce. A watan Satumba na 1913, Francis Ouimet, ɗan shekara 20 wanda ya taso yana ɗaukar wa masu kuɗi jaka a filin Brookline da ke tsallaken titin gidansu, ya yi kunnen doki da manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, a gasar US Open. Aka sake zagaye don raba gardama. Ya buga 72, Vardon 77, Ray 78, mai ɗaukar masa jaka kuwa yaro ne ɗan shekara 10, Eddie Lowery. Shekarar da ta biyo baya Ouimet ya ci gasar 'yan sha'awa ta Amurka, ya sake cinta a 1931. Tasa ranar alama ce ta ƙarfin da yake da shi da gaske.

To ta yaya mutumin namu zai gane wacce ce tasa? Ya duba abu biyu a katinsa. Na farko, turi nawa ya yi a bakin rami. In ya saba yin 36 ya yi 28, kuma a nan yawancin ribar take, to ya gode wa Allah ya adana katin. Na biyu, ramuka nawa ya isa shimfiɗar bakin rami a kan kari, yana da sauran turi biyu kafin par, kuma ƙwallo nawa ya ɓatar. In wannan ne ya gyaru, kuma ya ci gaba da gyaruwa a wasa uku ko huɗu na gaba, to hannunsa ne ya ƙaru da gaske, 81 kuma za ta dawo.

A watan Janairun 2024, wani ɗalibin Jami'ar Alabama mai shekara 20, Nick Dunlap, ya buga 60 a zagaye na uku na gasar American Express a jihar Kalifoniya, washegari ya lashe gasar. Tun Phil Mickelson a 1991 babu ɗan sha'awar da ya ci gasar PGA Tour, wato jerin gasannin manyan ƙwararru na Amurka, sai shi. Kyautar ta haura dala miliyan ɗaya da rabi, amma bai taɓa ko sisi ba, don doka ta hana ɗan sha'awa karɓarta, sai aka ba Christiaan Bezuidenhout na Afirka ta Kudu da ya zo na biyu. Kwanaki kaɗan bayan haka Dunlap ya koma ƙwararre, ya kuma sake cin wata gasar a watan Yulin wannan shekarar. A watan Afrilun 2025, a ranar farko ta gasar Masters a Augusta, wannan hannun da ya buga 60 ya buga 90. Bai janye daga gasar ba. Washegari ya dawo filin ya buga 71.