Ina 2ab ta shiga? Darasin aljabra da kwali da almakashi

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka. Yau kan ƙa'ida ɗaya tak za mu tsaya, wadda take kayar da yara tun daga JSS har zuwa WAEC da NECO, wato (a + b)² = a² + 2ab + b².

Ka rubuta a allo, aji ya ɗauka da ƙarfi sau goma kamar ana biya karatu, gobe ka ba da gwaji sai ka ga rabin aji sun rubuto maka a² + b² kawai, 2ab ta yi ɓatan dabo. Kuma wallahi ba laifinsu ba ne, waƙa suka haddace. To ina ga yaron da ke can baya ba ya hango allo, ko yarinyar da kunnenta ba ya ji sosai, ko wanda turancin ma bai zauna mai ba tukuna?

Ku duba nan. Kwalin taliya ne na karɓo a shago, na yanka shi murabba'i, kowane gefe inci 13. Sai na ja layi a kan inci 10, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, na sa almakashi. Ya rabu huɗu. A nan 10 ɗin ita ce a, 3 ɗin da ta rage kuma ita ce b. Babban 10 sau 10, 100 kenan. Ɗan ƙaramin 3 sau 3, 9. Sai dogaye guda biyu, kowanne 10 sau 3, 30 da 30. Haɗa babba da ƙarami kaɗai 109 za ka samu, alhali 13 sau 13 169 ne, wannan 60 ɗin da ta ɓace ita ce 2ab.

Yanzu raba yara huɗu huɗu, kowa ya riƙe yanki ɗaya su haɗa a kan benci, sannan ka ce masu dogayen su janye nasu. Giɓi zai fito har biyu. Mai larurar gani ka ɗora hannunsa a wurin ya shafa da kansa, shi ma a tambaye shi me ya ɓace, kar a bar shi a zaune kamar baƙo. Wadda ba ta ji kuwa ka shafa wa dogayen jan alli, kuma in za ka yi magana ka fuskance ta, ka daina bayani kana kallon allo don Allah. Wanda ya fi sakewa da Hausa bar shi ya faɗa da Hausa, daga baya a rubuta da a da b.

Ai shi kansa Alkhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, da zanen murabba'i ya kafa hujjojinsa a Bagadaza wajen shekarar 820.

Ku ajiye kwalin kar a zubar, a bidiyo na gaba da shi za mu yi (a − b)².