Ramuka da Allurai: Ina Ake Soka Me a Kan Madabod?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ga madabod a gabana, wato babban allon da ake haɗa duk sassan kwamfuta a kansa, na ciro ta daga akwatinta don ku gani da kyau. Kafin ka taɓa taka, zare wayar wuta daga bango tukuna.

Ku dubi wannan dogon ramin da ke kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sunansa PCIe x16, fasahar da ta fito a 2003 ta yi wa tsofaffin ramukan PCI da AGP ritaya. Lambar 16 ɗin yawan layukan da bayanai ke bi ne. Nan ake soka katin hoto, wato katin da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a sikirin, kuma ramin da kansa yana ba katin wuta har wat 75. Katin da ya fi haka ci, sai an jawo masa waya ta daban.

To, ga inda ake tuntuɓe. Wannan na ƙasa tsawonsu ɗaya da na sama, amma kama da wane ba ta wane. Bari in matso da kyamara. Kun ga 'yan ƙarafan cikinsa? Ko rabi ba su kai ba suka ƙare, sauran roba ce zalla. Layi 4 ke nan kacal, kuma sai ya bi ta cifset, wato mahaɗar da ke tsakanin furosesa da sauran sassa, kafin ya isa furosesa. Na taɓa ganin wanda ya zuba kuɗi ya sayi kati mai tsada, ya sa shi nan wai don ya fi shan iska, ya dawo yana mitar an cuce shi. Gajerun x1 kuwa na katin Wi-Fi ne ko na sauti, kuma ƙaramin kati yana zama a babban rami lafiya lau.

Wannan na kwance shi ne M.2, gurbin SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Idan ka ga an rubuta 2280 a kan SSD ko gurbinsa, faɗi milimita 22 ne, tsawo 80. A wasu allunan, da zarar ka cika shi sai wata kafar SATA, inda ake jona had disk, ta daina aiki, ka yi zaton had disk ɗinka ya mutu.

Sai allurai. Waɗannan guda 9 na kusurwa su ke karɓar wayoyin gaban akwatin kwamfuta. Na maɓallin kunnawa da na sake tayar da kwamfuta (reset) ba ruwansu da juyi, ko ta yaya ka sa za su yi. Na 'yan fitilu ne ke da fulos da mainos. Ka juya su, ba abin da zai ƙone, fitilar ce dai ba za ta kama ba. Masu gyara ma ba sa jiran maɓalli: bakin sukundireba suke ɗorawa a kan allurai biyun PWR_SW, wato na maɓallin kunnawa, kwamfuta ta tashi.

Inda ba a wasa shi ne fitilun ado. Mai allura 4 bolt 12 ne, mai allura 3 bolt 5. Ka cusa fitilar bolt 5 a na 12, ƙauri kawai za ka ji. Fankar furosesa kuma gurbinta CPU_FAN. Ka kai ta wani wuri, wasu allunan su tsaya suna ƙorafin babu fanka alhali tana juyawa.

Idan sikirin ya ƙi kawo hoto, duba 'yan fitilun nan huɗu: CPU (furosesa), DRAM (memori, wato RAM), VGA (katin hoto), BOOT (ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga kanta). Wadda ta tsaya a kunne, can matsalar take. In kuwa saitin BIOS ka dagula, wato manhajar madabod da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, kashe wuta, haɗa allurai biyun CLR_CMOS, masu goge saitin, na 'yan daƙiƙu, ko ka cire wannan batirin CR2032 mai kama da kwabo na ɗan lokaci. Idan ta tashi, shiga BIOS ka gyara agogo da kwanan wata.