Yadda KFC ya kafu a ƙasar Sin

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa 'yan kasuwa da ɗalibai, ina godiya da wannan dama da aka ba ni. An nemi in yi bayani a kan dabarun da kamfanonin sayar da abincin gaggawa suke bi idan za su buɗe rassa a ƙasashen waje, sai na ga ya fi alfanu in ɗauki kamfani guda da ƙasa guda mu bi sawunsu, wato kamfanin KFC na Amurka, mai sayar da soyayyar kaza, da yadda ya kafu a ƙasar Sin.

Sau da yawa akan manta cewa kamfanin ya sha ƙasa a wannan yankin tun kafin ya yi nasara. Ya shiga Hong Kong a 1973, amma zuwa 1975 ya rufe dukkan shagunansa, bai sake komawa ba sai 1985. Saboda haka lokacin da ya buɗe reshensa na farko a Beijing a watan Nuwamban 1987, kusa da dandalin Tiananmen, cikin gini mai hawa uku da ke ɗaukar mutum kusan 500, ya riga ya san cewa suna kaɗai ba ya sayar da abinci. Ya shiga ne da haɗin gwiwar hukumomin birnin, kuma ya riga McDonald's, abokin gasarsa na Amurka a sayar da abincin gaggawa, zuwa da shekara uku, domin shi wancan sai 1990 ya buɗe a Shenzhen.

Abin da kowa ya fi gani shi ne sauyin abincin. KFC ya kawo karin kumallo irin na Sinawa, da kunun shinkafa, da madarar waken suya, da wani dogon soyayyen ƙulli da suke ci da safe, sannan ya ƙara da shinkafa da miya, har ta kai mutumin Amurka zai shiga ya ga abubuwan da bai taɓa gani a KFC na garinsu ba. McDonald's ma haka ya yi a Indiya daga 1996, inda ya ajiye naman shanu da na alade, ya koma ga kaza da dankali. Sai dai ina roƙon ku kada ku tsaya a nan, domin sauya jerin abinci shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma duk wanda ya ga dama zai iya kwaikwayonsa cikin wata guda.

Aikin gaske yana bayan kicin, inda mai saye ba ya leƙawa. A shekarun da KFC ya fara bazuwa, ƙasar Sin ba ta da ingantacciyar hanyar jigilar ɗanyen nama daga lardi zuwa lardi ba tare da ya lalace ba. Maimakon ya jira wani ya samar, sai kamfanin ya gina nasa rumbunan ajiya, ya tanadi motoci masu firji, ya kuma nemo masu kiwon kaji na cikin gida ya koya musu irin kazar da yake so. Wannan ne ya ba shi damar wuce manyan birane ya shiga ƙananan garuruwa kafin abokan gasarsa su farga. Haka kuma, saɓanin yadda yake yi a Amurka, inda yake ba wasu hayar sunansa su buɗe shago, a Sin ya riƙe mafi yawan rassan a hannunsa, domin ya tabbata ma'aikaci ya samu horo iri ɗaya ko'ina. Su kuma shugabannin farko, da yawansu daga Taiwan aka ɗauko su, mutane masu jin yaren, masu sanin abin da Basine yake ci. A ganina wannan zaɓen mutane shi ne uwar dabarun, domin wanda bai taɓa karya kumallo da kunun shinkafa ba, ba zai yi tunanin sayar da shi ba.

Amma inda ƙarfin yake, nan raunin ya ɓullo. A ƙarshen 2012 gidan talabijin na ƙasar ya ba da rahoton cewa wasu masu kai wa kamfanin kaji suna ɗura musu magunguna fiye da kima, sannan a 2014 aka samu wata masana'antar nama a Shanghai tana sarrafa naman da wa'adinsa ya wuce, kuma KFC da McDonald's duk suna cikin masu saye daga wurinta. Ciniki ya faɗi sosai, kamfanin ya yanke hulɗa da masu kawo kaya da dama, ya tsananta bincike. Ku lura, laifin an yi shi ne a gona da masana'anta, amma sunan da ke jikin shago shi ya biya. Duk wanda a cikinku yake mafarkin kai gidan abincinsa wata ƙasa, ya fara tambayar kansa wa zai kawo masa nama a can, kuma wa zai riƙa duba shi.

A 2016 aka ware harkokin Sin suka zama kamfani mai cin gashin kansa, Yum China, wanda yake biyan uwar kamfanin da ke Amurka kashi 3 cikin 100 na ciniki a matsayin kuɗin amfani da suna. Zuwa ƙarshen 2023 rassan KFC a ƙasar sun haura 10,000, fiye da ninki biyu na waɗanda yake da su a Amurka inda aka haife shi.