Kirista da Katin Zaɓe: In Babu Jam'iyyar da Ta Kwanta Maka a Rai Fa?

Wata Lahadi an tashi sujada, ana gaisawa a ƙofar majami'a, sai wata dattijuwa daga zumuntar mata ta riƙo hannuna. Ta ce, "Ɗana, ni katin zaɓena yana ƙasan akwati. Wannan jam'iyya ta ci amanarmu, waccan kuwa mutanen jiya ne suka sauya riga. Wa zan dangwala wa, in koma gida in yi addu'a zuciyata ba ta zarge ni ba?"

Tambayar Mama ce za mu bi yau.

Da farko, wanda ke jiran jam'iyyar Kirista ta fito a Najeriya, jiran gawon shanu yake yi. Sashe na 222 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari mai alaƙa da addini ko ƙabila. A Jamus akwai CDU, jam'iyyar Angela Merkel, da kalmar Kirista a sunanta. Mu a nan doka ta rufe wannan ƙofa, ga Kirista da Musulmi baki ɗaya.

Su kansu masu bi ba bakinsu ɗaya ba. Shaidun Jehobah ba sa zaɓe, suna dogara da faɗar Yesu cewa mulkinsa ba na wannan duniya ba ne. Katolika kuwa, a sakin layi na 2240 na katekizim ɗinsu, wato littafin koyarwar cocinsu, sun lissafa jefa ƙuri'a tare da biyan haraji cikin haƙƙin da ke wuyan ɗan ƙasa. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma ga dalilina.

Ku buɗe Irmiya sura 29. Nebukadnezzar ya kwaso Yahudawa daga Urushalima ya kai su Babila. Ba su suka zaɓe shi ba, birnin cike yake da gumaka, ba wani abu a fadar da ya yi kama da Shari'ar Musa. In akwai mutanen da suke da hujjar naɗe hannu su ce ba ruwansu, to su ne. Amma saƙon da Ubangiji ya aika musu ta hannun Irmiya shi ne su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Yusufu a ƙarƙashin Fir'auna ya tara hatsin da ya ceci Masar da gidan ubansa daga yunwa. Daniyel ya yi wa sarakunan Babila aiki har tsufa. Sai dai ku lura, ranar da doka ta ce a daina addu'a, Daniyel ya hau bene, tagoginsa a buɗe, ya durƙusa. Ya shiga harkar mulki, amma ya san inda iyakarsa take.

Yanzu ga lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fita ba su kai miliyan 25 ba. Tinubu ya ci da ƙuri'a kimanin miliyan 8.8, Atiku ya kusa miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1. Wato waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'un wanda ya ci har sau bakwai. A zaɓen gwamnan Kaduna na 18 ga Maris, tazarar da ke tsakanin Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba. Ranar ƙirga, ba wanda ke tambayar dalilin da ya sa ka zauna. Wanda ya ƙi fita saboda lamiri da wanda barci ya kwashe, duk layi ɗaya suke a takardar INEC.

Wani abin da fushin tikitin Musulmi da Musulmi ya mantar da mu a 2023: takardar ƙuri'a ba ɗaya ba ce, biyar ce. Shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, gwamna, da ɗan majalisar jiha. Wannan na ƙarshen, kana iya sanin gidan ubansa. Shi ke zama a kan kasafin da zai kawo magani asibitin ƙauyenku, ko ya bar rufin makarantar firamare yana yoyo. In har zuciyarka ta ƙi duk masu neman shugaban ƙasa, ba mai kama yatsanka ya dangwala. Amma me ɗan majalisar jiha ya yi da za a haɗa shi cikin fushin?

Kada kuma suna ya ruɗe mu. Ɗan takara ya amsa Bitrus ko Yohanna, ya zo ya zauna a kujerar gaba ranar godiya, wannan ba shaida ba ce. Ya biya malamai albashi? Da aka kai hari ƙauye, ya taka ƙafarsa ya je? Musulmin da ya yi wa kowa adalci ya fi mana ɗan'uwan da ya cinye kuɗin taki. Abin da ke mini ciwo shi ne fastocin da ke mai da bagade dandalin kamfe bayan an ba su ambulan, da mu da muke karɓar taliya da turmin atamfa a bakin rumfar zaɓe. Isuwa ma kwanon abinci ɗaya ya karɓa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari.

Abin da na gaya wa Mama ke nan, a tsaye, rana tana dukanmu. Ta yi shiru, sannan ta ce katin nata na tsohuwar unguwarsu ne, tun kafin rikici ya tashe su. Na ce mata ana iya sauya rumfa a ofishin INEC na ƙaramar hukuma in an buɗe rajista. Ta ce in sun buɗe, in zo in raka ta.