Kaurin Baƙin Mai da Zafin Injin Babur

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku dubi babur ɗin nan, Boxer ne, yanzu mai shi ya fito daga cunkoson kasuwar Agege. Ko hannu ba na iya kaiwa kusa da silindarsa.

Injin nan ba shi da lagireto, ba shi da ruwa. Waɗannan layi-layin ƙarfen da kuke gani kamar haƙarƙari, su ke miƙa wa iska zafin. In ana gudu, lafiya lau. Amma da ka maƙale a bayan danfo, motar hayar nan ta Legas, tana feso maka hayaƙi, iska ta yanke, sai nauyin ya koma kan baƙin mai, wanda duka-duka kimanin lita ɗaya ne. Shi zai zagaya ya kwaso zafi daga ƙarƙashin fistin da kan injin, ya sauke shi a gindin injin, ya sake komawa.

To, ga galan. An rubuta 20W-50. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, lokacin tayar da injin. Mu nan Legas ta biyun ta fi shafarmu, don ita ke nuna kaurin man a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius. Mai lamba 50 ya kusa ninka mai lamba 30 kauri a wannan zafin.

Kowane mai tsinkewa yake in ya ji wuta. Kun ga manja da safe, da kyar yake fita daga kwalba. Zuba shi a kasko, ya koma ruwa. Haka baƙin mai. In ya tsinke fiye da kima, shimfiɗar da ke tsakanin fistin da silinda ta yi siriri, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, zafi ya ƙaru, man ya ƙara tsinkewa. Daga nan sai ka ji an ce injin ya buga.

Shi ya sa 'yan uwanmu da yawa suka ɗauka cewa iya kaurin mai, iya sanyin injin. Har wasu na ƙara wani abu mai danƙo kamar zuma a kan man. Wallahi abin nan yana damuna, don da kuɗinsu suke saye. Mai da ya yi kauri da yawa jan ƙafa yake a cikin ƙananan hanyoyin injin, bai kai sama da wuri, bai kwaso zafin da sauri. Sannan injin sai ya yi ƙarfi kafin ya dama shi, kamar mai tuƙa tuwon da ya yi tauri, wannan wahalar kuma zafi take zama a cikin man kansa, ga shan fetur. Ƙarar injin tana iya raguwa, e, amma kauri ne ya danne ta, zafin yana nan.

Masu ƙaramin janareta mai wurin baƙin mai daban, ku saurara. Yawancinsu ba su da famfon mai, wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistin ke fantsama shi. Injin Honda GX, alal misali, littafinsa 10W-30 ya ce. Kada a ce tunda 20W-50 ya dace da babur, to ya dace da komai. Kowane injin da lambar da masu ƙera shi suka rubuta.

Wani abu kuma: zafi na tsufar da mai. A ƙiyasin masana, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Ɗan acaɓa da ke wuni a cunkoso ya fi mai tafiyar hanya buƙatar juye da wuri. A duba galan ɗin kuma a ga an rubuta JASO MA, alamar man da ya dace da babur, don kulocin babur a cikin man yake wanka, man mota yana iya sa shi zamewa.

Yanzu injin ya ɗan huce. Malam, ɗora mana shi a kan babbar ƙafa ya daidaita. Na zare sandar awo, na goge, na mayar, na sake zarowa. Kun gani? Ya sauka ƙasa da layin ƙasa, ga shi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Miƙo min sifana, yau sai juye.