Baƙar Giyar Kahor da Kaskon Wake

Kun taɓa tauna goro kuka ji baki ya bushe, harshe ya yi kaushi? Wannan shi ne bauri. Ku riƙe shi a rai, domin da shi za mu gane wata tsohuwar al'adar cin abinci ta kudu maso yammacin Faransa.

Nan garin Kahor ne, a gaɓar kogin Lot. Manoman yankin suna yin jar giyar inabi mai duhu ƙwarai, har ake ce mata baƙar giya. Ƙa'idar da ta kare sunanta tun 1971 ta tanadi cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na inabin ya zama irin da ake kira Malbek. Wannan iri ya sha wuya: sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe mafi yawan itatuwan, sai da aka sake shuka. Yau an fi sanin Malbek a Ajantina, amma asalinsa na nan ne.

Baurin yana cikin bawo da ƙwayar inabin. Sinadarin tanin ke nan, irin wanda ke cikin goro da ganyen shayi. Da ya shiga baki sai ya manne da furotin ɗin miyau, santsin baki ya ɗauke. Shi ya sa mutanen yankin suke kawo wannan giya tare da abinci mai maiƙo.

To, ga kaskon. Sunan abincin kasule, kuma garuruwan Kastelnodari da Tuluz da Karkason kowanne na cewa nasa ne na gaskiya. Farin wake ne ake jiƙawa ya kwana, a haɗa shi da cinyar agwagwa wadda aka barbaɗa wa gishiri, aka dafa a hankali cikin kitsenta. Da can haka manoma ke adana nama don lokacin sanyi. Akan saka naman alade a ciki, kuma giyar barasa ce, don haka Musulmi ba ya ci ba ya sha. Abin da ya ja hankalina shi ne hikimar haɗin. Kitse yana lulluɓe harshe, tanin ya tarar da furotin ɗin nama ya manne da shi, baurin ya ragu. Ita kuma giyar ta wanke maiƙon, loma ta gaba ta dawo da ɗanɗanonta. Wanda ya taɓa kurɓar shayi mai ƙarfi bayan balangu ya san wannan.

Dubi saman kaskon. Ya yi ɓawo mai ruwan zuma. Mai girkin za ta fasa shi da cokali, ta danna shi cikin romo, ta mayar tanda. Idan ya sake yin ɓawo, ta sake fasawa, har waken ya sha maiƙon sosai.